Tsintuwar Cikin Ƙasa Da Masu Ɓata Ta

Ƙasar Kura da Garun Malam da Bunkure ƙasa ce wadda ba ta hutawa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa Kadawa da kewayenta, manoman wannan yanki ba su san zaman rani ba. Da an girbe shinkafa sai a shiga alkama da tumatir da albasa, garma na fita fartanya na shiga. Ƙasar da a ke juyawa haka rani da damina kuwa, tilas ta riƙa amayar da abin da ke cikinta. Manomi ya kan ci karo da tsingaro, ko tsohon dutsen niƙa, ko wata munduwa da ta yi kore shar, ko wani guntun ƙarfe wanda ko dattawan unguwa ba su san sunansa ba.

Har wa yau ga wani sabon abu ya ƙaru a kan garma. Akwai wata na'ura mai kama da sanda, da faifai a gindinta, wadda a ke shafawa bisa ƙasa, in ta bi ta kan ƙarfe sai ta yi ƙara. Asirinta ba mai zurfi ba ne. Cikin faifan nan akwai waya a nannaɗe, wutar batir na bi ta cikinta tana aika wani ƙarfi irin na mayen ƙarfe zuwa cikin ƙasa. Kowane ƙarfe ya gamu da wannan ƙarfi sai ya mayar da amsa, na'urar ta ji, ta yi kuka. Sojoji sun daɗe suna neman nakiyoyi da ita. Amma a ƙasashen Hausa ba ta yi suna sosai ba sai a 2014, sa'ad da aka sami zinariya a Jado, can arewacin Nijar, samari suka yi ta kwarara can da ita a kafaɗa. Gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017, amma na'urar ba ta koma inda ta fito ba, ta zama hajar kasuwa, duk mai kuɗinta ya saya. To, saurayin da ya riƙe ta ya shiga kufai ko gindin tsohuwar ganuwa, abin da garma za ta shekara hamsin ba ta taɓa ba, shi sai ya tono shi kafin azahar.

Abin takaici shi ne abin da ke biyo bayan tsintuwar. Da an ga abu ya leƙo, sai a fizge shi daga raminsa, a kai shi bakin magudana a wanke, a dirje shi da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli. Sa'an nan a shiga yawo da shi ana tambaya, mene ne wannan? Maƙeri ya ce kaza, mai shayi ya ce kaza, boka ya ce ajiyar aljanu ce. Ƙarshenta ko a jefa shi rijiya don tsoro, ko a ɗora wa ɗan jari-bola a sikeli, ko wani dillali ya karɓe shi a kuɗin cefanen yini guda. Duk wanda ya yi haka ya yi ɓarna, ko da bai nufa ba, gama ya kashe amsar tambayarsa tun kafin ya yi tambayar.

Dalili kuwa shi ne, abin da aka tono daga ƙasa kamar bebe ne da aka kawo gaban alƙali. Ba ya iya faɗin sunansa, ko garinsu, ko shekarunsa, sai shaidu sun faɗa. Shaidunsa su ne zurfin da aka same shi, da launin ƙasar da ya ke kwance ciki, da gawayi da tsingaro da ƙasusuwan da ke maƙwabtaka da shi. Wanda ya ɗauke shi ya bar waɗannan a watse, ya kori shaidu ke nan, ya bar alƙali da bebe suna kallon juna. Na'ura kuwa ba ruwanta da shaidu. Mai kyau daga cikinsu ta kan iya rarrabe baƙin ƙarfe da tagulla, amma ba ta san tsoho da sabo ba, ba ta kuwa jin gawayi ko tsingaro sam.

Kada wani ya ce ai ƙasar tumatir ce, me za a samu cikinta in ban da gwangwani? Wannan yanki tsohon mazauni ne. Rano, maƙwabciyar Bunkure, tana cikin Hausa Bakwai. Kura ta shahara da marina tun zamanin da Buzaye ke ratso hamada don baƙin rawaninta mai sheƙi. Sunaye irin su Garun Malam da Garun Babba suna tuna wa mutum lokacin da ba a kwana lafiya sai a bayan garu, musamman a ƙarni na 19 da Ningawa ke kawo hari kudancin Kano. A farkon Fabrairu 1903 rundunar Turawa ta Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta buɗe wa Bebeji wuta, ta ratsa wannan nahiya, ta ci Kano ran 3 ga watan. Bayan shekara saba'in kuma katafilolin aikin ruwa suka zo suka baje gonaki, suka bar nasu ƙarafan. In aka koma can baya kuwa, a gindin Dutsen Dala an sami wurin narka tama wanda awo ya nuna ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Watau guntun ƙarfen da ya fito daga gonar Kadawa yana iya zama ɗan shekara hamsin, yana kuma iya zama ɗan shekara dubu da ɗoriya. Wane ne zai rarrabe wannan da ido a teburin mai shayi?

Gaskiya ne akwai abin da jikin tsintuwar ke iya faɗa, ba tare da an cuce ta ba. In aka kara mata mayen ƙarfe ya kama, baƙin ƙarfe ce. In ta yi kore, akwai jan ƙarfe a cikinta, ko tagulla ce ko gaci. Azurfa baƙi ta ke yi in ta daɗe. Darma tana da nauyi da taushi, ta kan yi fari-fari kamar an shafa mata alli. Zinariya kaɗai ce ke fitowa yadda ta shiga. In kuma an ga zaren noti a jikin abu, ko lamba da haruffan boko, ko tabon walda, to, aikin masana'anta ne, mai yiwuwa haƙorin tarakta ne ko wani sashe na injin ban ruwa. Ba abin kunya ba ne a sami haka, gama akasarin abin da na'ura ke yi wa kuka irin wannan ne. Amma duk wannan sanin jinsin ƙarfe ne kurum. Sanin wanda ya ƙera shi, da lokacin, da abin da aka yi da shi, wani ilmi ne dabam.

Kai, ko abin da ya zo da rubutu a jikinsa ma ya kan yi ƙarya. Ga misalin riyal, babban kuɗin azurfan nan mai hoton mace, wanda fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa, maƙeran fari kuma suka riƙa narkawa suna yi wa mata kayan ado. Duk wanda ya tsinci ɗaya zai ga an rubuta 1780, sai ya yi tsalle ya ce ya sami kuɗi na shekara fiye da ɗari biyu. Alhali kuwa matar nan, Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba sauyi, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, har cikin ƙarni na 20. Saboda haka riyal biyu masu shekara ɗaya a fuska suna iya samun ratar shekara ɗari da hamsin a tsakaninsu. Anini mai huji a tsaka, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, shi bai ɓoye shekarunsa ba: a 1907 aka fara buga shi, da farko da sanholo. Darajarsa a kasuwa kaɗan ce, amma in an same shi a ƙarƙashin daɓen wani kango, ya zama shaida cewa ba a yi daɓen ba sai bayan zuwan Turawa. A aljihun dillali kuwa ba ya shaidar kome.

Babban mashaidi a cikin rami shi ne wanda aka fi rainawa, watau gawayi. Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani sinadari wanda ke fara raguwa daga ranar mutuwarsa, a hankali, bisa ƙa'ida sananniya. Wani masani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya gano yadda za a auna abin da ya rage a san shekarun da suka wuce, har aka ba shi lambar Nobel a 1960. Tagulla da azurfa ba su taɓa rai ba, don haka ba a iya yi musu wannan awo. Sai dai a auna gawayi ko ƙashi ko zaren da aka samu manne da su. Ashe ke nan baƙar ƙasar nan da mai tsintuwa ya kankare ya zubar a magudana, ita ce takardar haihuwar abin da ya ke riƙe da shi.

Wanda ke so ya ga bambancin tono da tono, ya dubi abin da ya faru a Durɓi Ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani ta Katsina, inda kaburburan sarakunan dauri su ke. A 1907 wani jami'in mulkin Turawa, H. R. Palmer, ya sa aka buɗe waɗansu daga cikinsu, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ga iko, ga ma'aikata, amma ba ƙa'idar aiki, don haka bayanin da ya rage na abin da aka samu kaɗan ne ƙwarai. A 1992 aka sake buɗe waɗansu uku, wannan karo tare da masana daga Jamus. Aka ɗebo kayan tare da ƙasar da ke manne da su, aka adana. A 2007 aka kai su wani gidan bincike a birnin Mainz na Jamus, aka yi shekaru ana ɓamɓare ƙasar kaɗan-kaɗan ana aunawa, aka komo da su Nijeriya a 2014.

Me haƙurin nan ya haifar? An sami kayan ado na zinariya, da mundaye, da hauren giwa, da wuri wanda asalinsa daga Tekun Indiya ne, da tasa ta tagulla ƙirar ƙasashen Gabas, wajen Masar ko Sham. An kuma gane kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16. Da wannan aka sami hujja ta riƙewa a hannu cewa sarakunan ƙasar Hausa suna ciniki da nesan duniya tun kafin wani Bature ya san hanyar Kano. Da a ce mai na'ura ne ya riga zuwa wurin da dare, da zinariyar ta zama ɗan kunnen amarya, tasar ta tafi sikeli, labarin kuwa ya tafi ke nan har abada.

Haka kuma labarin Nok, a kudancin Jihar Kaduna. A 1943 masu haƙar kuza suka tono wani kan mutum na yumɓu kusa da Jama'a. Wani ma'aikaci ya ɗauka ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Allah ya sa daga baya ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya lura ya yi kama da wani da aka samu a Nok a 1928. Daga wannan lura aka bi sawu har aka gano wata al'umma da ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masu gwanintar gina yumɓu, masu narka tama. Fagg ɗin nan shi ya kafa gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Mai gonar doya bai san abin da ya riƙe ba, amma ya yi abu guda mai kyau: bai fasa ba, bai kuwa ɓoye ba.

Masu ɓarna suna da hujjojinsu, ya kamata a saurare su ɗaya-ɗaya. Na farko mai tsoro ne. Ya ce abin da aka binne ajiyar aljanu ce, ko kayan tsafin Maguzawa, riƙe shi na jawo masifa, gara a fasa ko a jefa rijiya. To, a tambaye shi labarin gatarin aradu. Shekara da shekaru ana cewa daga sama ya ke faɗowa tare da tsawa, alhali kuwa dutse ne wanda mutanen dauri suka wasa da hannunsu, suka yi sara da shi kafin a san ƙarfe. Likkafar da ta yi tsatsa likkafa ce, wani bawan Allah ne ya ƙera, wani ya taka. Adana ta don a san yadda mutanen da suka zauna ba bauta mata ba ne. Alƙur'ani kansa ya yi umurni a wurare da dama a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Yaya za a duba abin da aka farfasa?

Na biyu ya ce ai tsintuwa ce, Allah ne ya ba shi, ba ruwan kowa. Wannan ya manta shari'a ba ta bar tsintuwa sakaka ba. Dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya, wadda malamai ke kira rikazi, akwai humusi a kanta, watau kashi ɗaya cikin biyar. Wadda kuwa alama ta nuna ta Musulmi ce, hukuncinta na tsintuwa ne, sai an yi cigiyarta shekara guda. Malaman Malikiyya har sun karhanta tona kabari don neman dukiya, ko da na mutanen jahiliyya ne. Ta kowace fuska aka duba, babu inda aka ce mutum ya tono da dare, ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ya sayar a asirce.

Na uku shi ne mai hujja mafi nauyi, watau matalauci. Ya ce taki ya yi tsada, ga kuɗin ruwa, ga iyali, tarihi zai ci? Wannan magana ba abar raini ba ce. Amma a duba wa ke cin ribar. A shekarun 1990 aka yi ta wawashe wuraren tarihi na Nok da na ƙasar Sakkwato da Katsina, ƙauyawa na tono ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba, dillalai na fitar da kayan ta kan iyaka. A shekarar 2000 sai ga biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato an baje su a babban gidan kayan tarihi na Louvre a Faris, bayan Faransa ta saye su a hannun wani ɗan kasuwa a Turai. Aka yi ta ƙorafi, har a 2002 Faransa ta amsa cewa na Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Ƙauyawan da suka tono suna nan yadda su ke, ga ramuka a gonakinsu. Siffofin yumɓu na Sakkwato da Katsina kuwa, da ya ke akasarinsu ta hannun ɓarayi suka fito, an raba su da shaidunsu, sun zama kayan kallo a ɗakunan attajiran Turai, marasa gari, marasa dangi.

Kwaɗayi kuma mabuɗin wahala ne, gama inda a ke neman ɓoyayyar dukiya nan 'yan damfara ke kafa rumfa. A 2009 jita-jita ta game ƙasar Makka cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wata jar zaiba mai tsadar gaske, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka zuba dukiya. Babu wani abu mai wannan siffa a duniya, ƙarya ce tsagwaronta. Irin wannan tatsuniya ta kan sake riga ta ɓullo a wani wuri, yau a ce tsohon dutsen guga, gobe a ce kobo mai huji. Wanda ya ɓoye tsintuwarsa ga masana don kada a cuce shi, shi ne kan faɗa hannun macuta, domin ba shi da wanda zai tambaya.

Ga kuma doka, wadda da yawa ba su san da ita ba. Tun 1953 aka kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka yi Doka ta 77 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Bisa ga wannan doka, ba wanda zai yi tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar a rubuce. Wanda ya ci karo da su ba da nema ba, kamar manomi a gonarsa, zai sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai, ya faɗi wurin da yadda abin ya faru. Saye da sayar da su a tsakanin mutane haramun ne, fita da su waje ba takarda kuma laifi ne. Kayan sana'ar gargajiya da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da dokar ta rufe. Saboda haka manomin da garmarsa ta tono abu ba shi da laifin kome in ya faɗa. Mai na'urar da ya shiga kufai da gangan kuwa, ya taka doka tun daga saran farko.

Amma fa hukuma ita ma ba ta kuɓuta daga zargi ba. Doka a takarda ba ta tsare kufai. Manomin Bunkure bai taɓa ganin ma'aikacin gidan tarihi a ƙauyensu ba, bai san ƙofar da zai buga ba, abin da ya ke tsoro shi ne ya kai rahoto a ƙwace abin, a killace gonarsa ana tsakiyar ban ruwa, a sallame shi hannu rabbana. Muddin wannan tsoro na nan, dillali ne zai riƙa cin nasara, domin shi da kuɗi a hannu ya ke zuwa. A Ingila, inda masu yawo da na'urar nan su ke da yawa, sun yi dokar 1996 wadda ta ce a kai rahoton dukiyar da aka tono cikin kwana 14, suka kuma sa ma'aikata a gundumomi waɗanda aikinsu shi ne duba tsintuwar mutane kyauta su rubuta ta. A 2009 wani mai na'ura ya sami tarin kayan yaƙi a wata gona a Staffordshire, zinariyarsu ta haura kilo 5, na ƙarni na 7, watau tsaran wurin narka taman nan na Dala. Ya faɗa, masana suka zo suka ƙarasa tonon, aka yi wa kayan kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, gidajen tarihi suka biya, aka raba tsakaninsa da mai gona. Ba don ya fi manomin Kadawa tsoron Allah ya faɗa ba, sai don ya san gaskiyarsa ba za ta jawo masa hasara ba. Kamata ya yi hukumomin nan su yi koyi: a sa lada bayyananne, a biya diyyar amfanin gona in an tsai da aiki, a rubuta sunan mai tsintuwa kusa da abin da ya kawo, ma'aikata kuma su riƙa fita ƙauyuka ran kasuwa suna duba abin da mutane ke ajiye da shi.

Kafin a kai ga haka, ga abin da ya wajaba a kan wanda ya ci karo da wani baƙon abu. Ya dakata da tono. In ya ga ƙasusuwan mutum, ya mayar da ƙasa ya rufe. In abin dogo ne rufaffe mai kama da kwalba ko harsashin igwa, kada ya taɓa, kada ya buga, kada ya bari yara su matso, ya gaya wa 'yan sanda, gama tsohuwar nakiya ba ta mantuwa da aikinta. In ba haka ba ne, ya ɗauki hotonsa da waya yana nan kwance a wurinsa, da wani abu sananne a gefe, kamar akwatin ashana, don a gane girmansa. Ya auna zurfin ramin, ya ƙirga taku daga wata alama da ba ta gushewa, kamar kuka ko gadar magudana. Kada ya wanke, kada ya goge, kada ya kai wa maƙeri ya gwada a wuta. In tilas ne a ɗauke shi don gudun ɓarayi ko ruwa, a ɗauka da ƙasarsa, a naɗe a busasshen tsumma, a haɗa da tsingaro da gawayin da ke tare da shi. Sa'an nan ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, a kai ga hakimi da sakataren ƙaramar hukuma. A Kano akwai Gidan Makama, wanda ke hannun hukumar ta ƙasa, da Gidan Ɗan Hausa na hukumar tarihi da al'adu ta jiha. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma akwai sashe guda na masu ilmin tonon kayan tarihi. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya tambayi wanda ya san hanya.

A nan ne wanda ya iya karatu da rubutu ya fi maƙwabcinsa amfani. Alƙalami da 'yar takarda sun isa: ran kaza ga watan kaza, a gonar wane, gabas da magudana taku kaza, zurfin kamu biyu, an sami abu kaza, tare da gawayi da fasasshiyar tukunya. Layi huɗu ke nan, amma sun fi ƙarfen kansa daraja a wurin masani, domin su ne za su tsaya a madadin shaidu in an tashi shari'ar beben nan. Tarihin Kano da aka rubuta labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Labarin talakawan da suka yi noma da rini da ƙira a ƙasar Kura da Garun Malam da Bunkure kuwa ba a rubuta shi a littafi ba, yana ƙarƙashin kwamin albasa, kwafi ɗaya tak. Tumatir in ya lalace bana, a sake dasawa baɗi. Kufai in an birkita shi, ba mai sake shuka wani.